Shekara guda a aji kafin a damƙa wa sabon malami alli

Tambaya: Ni malamar firamare ce. Na ji cewa a Amurka ana zaunar da sabon malami a aji ya koyi aiki kafin a tura shi garuruwan 'yan asalin ƙasar. Ba TP (gwajin koyarwa) ɗin da muka yi a kwalejin ilimi aka sake wa suna ba?

Amsa: Malama, sun yi kama, amma akwai tazara. TP 'yan watanni ne, mai duba aiki ya leƙo, ya ba da maki, ya yi gaba. Shi wannan daga horon likitoci masu neman ƙwarewa aka kwaikwayo shi: shekarar karatu guda cur a hannun gogaggen malami, kuma da alawus.

A jihar New Mexico, mai ƙabilun asali 23, ciki har da Navajo, wata kotu ta yanke hukunci a 2018, a shari'ar da iyalan Yazzie da Martinez suka shigar, cewa jihar ta tauye wa 'ya'yan ƙabilun nan haƙƙin ilimi. A 2022 doka ta kai alawus ɗin mai wannan horo dala 35,000, da sharaɗin zai tsaya ya koyar shekara uku bayan ya gama.

Dalilin tsawon zaman yana da tushe. Tun daga makarantar kwana ta Carlisle da aka buɗe don 'ya'yan 'yan asalin ƙasar a 1879, an yi ta raba yara da iyayensu, a yanke musu gashi, a sauya musu suna, a hukunta wanda ya yi harshensu. Wasu kakannin ɗaliban yau sun ɗanɗana wannan, don haka ba a yarda da baƙon malami daga sallama ɗaya.

Sannan akwai abin da littafi ba ya koyarwa. Mutumin Navajo idan zai gabatar da kansa, dangi huɗu yake ambata: na uwa, na uba, da na kakanni maza biyu. Tatsuniyoyinsu na dila kuwa sai da hunturu ake yin su; malamin da ya kawo su aji da bazara ya yi kwaɓa bai sani ba. Yaro ya sunkuyar da kai, baƙo ya ɗauka raini ne, alhali ladabi ne. Wannan dai ke ba sai an fassara miki ba.

A ganina alawus ɗin nan ne ƙashin bayan tsarin. Mataimakiyar malami 'yar gari, mai jin harshen, ga 'ya'ya ga cefane, ba ta iya ajiye aiki ta yi horo kyauta. Da alawus sai ta samu shaidar malanta, kuma ita ba ta da inda za ta gudu bayan shekara ukun.

Inda gizo ke saƙar shi ne makarantun ƙauye masu nisa. Can ake fi buƙatar tsarin, can ne kuma gogaggen malamin da zai riƙe sabo yake wuyar samu, ga ƙarancin gidajen malamai.