Amsoshin Tambayoyinku: Barewa, Albasa da Maganar Gado

Tambaya: Malam, ana cewa "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe", kuma ana cewa "albasa ba ta yi halin ruwa ba". Ai kamar suna karo da juna. Wanne ne daidai?

Duka biyun daidai ne. Na farko na ɗan da ya ɗauko iyayensa ne, na biyu na wanda ya saɓa musu, kuma galibi da zargi ake faɗinsa. Bahaushe ya ga abu biyun da idonsa, dalilinsu ne bai faɗa ba. Wanda ya zauna ya ƙirga shi ne Gregor Mendel, wani malamin coci a birnin Brno na Jamhuriyar Cek ta yau. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta haɗa barbarar wani irin wake, ya buga sakamakon a 1866, amma ba a waiwaye shi ba sai 1900, bayan ya mutu. Da ya haɗa dogon iri da gajere, duk 'ya'yan suka fito dogaye, sai ka ce gajarta ta ɓace. Da 'ya'yan suka ba da nasu iri, sai ga ta ta dawo: kusan uku dogaye, ɗaya gajere. Ashe kowace siffa ƙwayar gado biyu take da ita, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wata tana rinjaye, wata tana lafewa har ta gamu da irinta. Shi ya sa iyayen da ba zabiya ba suke haifar zabiya, jama'a su yi ta tsegumin banza. Albasar nan halin gida ta yi, na kakanni ne kawai.

A nan ne kalmar "jini" take ba ni haushi. "A jininsa yake" magana ce mai kyau, ban hana kowa faɗinta ba. Amma wasu sun ɗauke ta a zahiri, suna zaton jinin uwa da na uba ne ke gauraya kamar ruwan rini biyu. Da haka ne, da gajartar waken Mendel ba ta sake fitowa ba. Har akwai masu tsoron ƙarin jini, wai kada su kwaso halin mai bayarwa! Su kuwa masu rubuta "jini ya fi ruwa kauri", aron Turanci suka yi ba su sani ba. Muna da "naka sai naka", me ya rage mana?

Tambaya: Yaya ake bambanta gado na kwanciya da gado na magada a rubutu?

Ba a bambantawa, jimla ce ke nunawa. A baki kuwa, na magada ana jan "ga" ɗinsa.

Tambaya: "Sikila" ko "amosanin jini", wanne ya fi?

Na biyun ya fi zama Hausa, na farkon ya fi yawo a bakin mutane, kuma dukansu sun zauna. Abin da ya kamata a gyara shi ne cewa wai masu AS biyu (wato iyayen da kowannensu ke ɗauke da ƙwayar gadon sikila guda ɗaya) "ɗansu na huɗu" ne zai zama SS, wato mai cutar. Kowane ciki lissafinsa daban, kashi ɗaya cikin huɗu. Yana iya faɗawa kan na fari, yana iya maimaituwa, yana iya tsallake su duka.

Tambaya: Surukata na cewa ni "mai haihuwar mata" ce. Akwai wannan a Hausa?

A baki akwai, 'yar'uwa, a halitta babu. Ƙwayoyin halittar da ke raba mace da namiji iri biyu ne, ana kiransu X da Y, uwa kuwa X kaɗai take bayarwa. Uba ne ke kawo X a sami mace, ko Y a sami namiji.