Ɗana ya ishe ni da tambaya a kan wari

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ɗan shekara 6 ya hana ni sakat: me ya sa ruɓaɓɓen ƙwai ke wari, me ya sa kwata ke ɗoyi? Ni dai na ce masa duk abin da ke wari cuta ne, wanda ba ya wari kuma lafiya lau. Amma hankalina bai kwanta ba. Na yi daidai? Daga wata uwa a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya shi. Ki ce masa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ma cin abinci suke yi. In suka samu ƙwai ko nama ko mushe sai su ci, su saki iska, kamar yadda shi ma yake tusa. Zai yi dariya, kuma ba zai manta ba. Iskar ruɓaɓɓen ƙwai sunanta haidurojin salfaid, zarnin fitsari amoniya ce, ƙarnin kifin kasuwar Sabon Gari kuma wani sinadari ne daban. Shi bunsuru da gangan yake fesa wa kansa fitsari don akuya ta kula shi. Ƙuda kuwa, warin da ke korar mu shi ke kiransa, don can zai zuba ƙwai.

Amma maganar da kika gaya masa, ki janye ta yau. Daddawa tana wari, ga ta kullum a miyar kuka, wa ta taɓa kwantarwa? Wannan mai sauƙi ne. Ɗaya ɓangaren, wato cewa abin da ba ya wari lafiya lau ne, shi ke kashe mutane.

Iskar kabon monoksaid da ke fita daga janareta da garwashin gawayi ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da wani abu. Sanyin hunturu ya sauko Zariya, sai a shigar da kaskon wuta ɗaki, a rufe ƙofa da taga, ko a tura janareta lungun baranda saboda ɓarayi. Ciwon kai, jiri, barci, shi ke nan. Da safe a ce aljanu ne ko sammu. Abin da ya fi ƙona min rai, a samu mutum da sauran numfashi, sai wani mai "sani" ya ce a ɗura masa manja ko madara. Manja ba ya wanke jini, sai dai ya shaƙe wanda ya suma! A fitar da shi sarari, a garzaya asibiti.

Haka masu yasar rijiya da masu kwashe masai. Haidurojin salfaid ta fi iska nauyi, tana kwanciya a ƙasan rami, kuma in ta yi yawa sai ta kashe hanci. Mutum ya ce ai warin ya tafi, ya sauka, ya faɗi. Ɗan'uwansa ya bi shi ceto, shi ma ya faɗi.

Ki nuna wa yaron tukunyar gas ɗinki. Gas ɗin girki ba shi da wari, kamfani ne ke zuba masa don a gane in yana yoyo. In ya ji warin, kada ya taɓa ashana ko makunnin lantarki, ya fita waje ya kira ki.