"Reclaim" ko "redeem": wanne za a rubuta a takardar jinginar gona?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Babanmu ya jinginar da gonarsa ta fadama a kan naira 400,000. Ƙanena ne ya rubuta takardar da Turanci, wajen maganar karɓo gonar ya sa "reclaim". Wani malamin makaranta ya ce kuskure ne, "redeem" ya kamata. Wanne ne daidai? Daga wani ƙauye a ƙasar Ringim.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Malamin nan ya fi ƙaninka gaskiya. "Redeem" ita ce fansa: ka mayar da kuɗi, a mayar maka da abinka. Tushenta Latin ne, ma'anarta a can "sake saye", shi ya sa biya yake cikinta ko ba a faɗa ba. Ana cewa "redeem the farm", sunan aikin kuma "redemption".

"Reclaim" ta fi faɗi, kuma faɗin nan ne matsalarta a takardarku. Karɓo abin da yake naka ne daga inda ya shige, ba lallai da biya ba. Akuyarka ta ɓata, aka tsare ta gidan mai unguwa, ka je ka faɗi kamanninta ka karɓo, wannan "reclaim" ne. Idan kuma aka haɗa ta da ƙasa sai ta ɗauki wata ma'ana dabam: gyara filin da ruwa, rairayi ko ciyawa ta cinye har ya nomu. Manoman yankin Hadejia da suke sare ciyawar kachalla su dawo da gonakinsu, abin da suke yi ke nan, haka ma Holan da ta datse teku ta yi gonaki. To ka ga "reclaim the farm" na iya nufin fansa, na iya nufin sharar gona. Ranar da aka je gaban alƙali, kowane ɓangare zai ja ta inda ta fi masa.

Kada kuma ku bari a sa "repossess". Wannan ta mai bin bashi ce, kamar ƙwace Keke Napep daga wanda ya kasa biyan kuɗin mako.

Sai dai gyara kalma ɗaya ba ya tsare gona. A rubuta kuɗin da lamba da kuma kalmomi, a faɗi iyakokin gonar da sunayen maƙwabta, shaidu biyu su sa hannu, mai unguwa ko dagaci ya sani. A fayyace lokacin fansa, gara bayan kaka, domin yawancin rigima tana tashi ne in an kawo kuɗi bayan mutum ya zuba iri da taki. Batun wa zai ci amfanin gonar kuwa, ku tuntuɓi malamin fiƙihu tukuna, don bashin da ya jawo wa mai bayarwa amfani akwai magana a kansa. A yi kwafi na Hausa, a karanta wa Baba a gaban shaidu kafin ya dangwala yatsa.