Amsa ga Hajiya mai sauka a Ostia: yadda ake cin abincin Italiya a bakin teku

Wa alaikumus salam Hajiya. Tun jiya na ga tambayarki, na bari sai na samu natsuwa don maganar tana da ɗan tsawo. Kin ce za ki zo Roma taron mako guda a hedikwatar FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, otal ya yi tsada a cikin gari har aka kama miki ɗaki a Ostia, unguwar Roma da ke bakin teku, kuma kina sha'awar cin abincin Italiya na ainihi amma kina tsoron alade da giya. Na ga wasu sun ce ki tsaya a shagunan kebab kawai, wasu kuma sun ce ki zo da kilishinki. Kilishin dai ki bar shi a gida, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigowa da nama ko kayan madara daga waje, idan aka gani a filin jirgi ƙwacewa za a yi.

Shekarata tara a Ostia, huɗu daga ciki a kicin ɗin wani gidan abinci na yi su, na fara da wanke-wanke har aka ɗora ni kan gyaran kifi da tukunyar suya. To abin da zan faɗa miki daga bayan ƙofar kicin na gano shi. Ni a ganina wanda ya kama miki ɗakin nan ya yi miki gata bai sani ba. A tsakiyar Roma abincin da suke taƙama da shi rabinsa alade ne. A Ostia kuwa teku ce ke ciyar da gidajen abinci, mu kuma a mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ya fito daga teku halal ne. Zai yi min ciwo a ce kin kwana bakwai a bakin ruwa kin koma gida ba ki ci komai ba sai kebab.

Zirga-zirga ba za ta ba ki wahala ba. FAO tana tashar Circo Massimo a layin B na jirgin ƙarƙashin ƙasa, tasha ɗaya ce tsakaninta da Piramide. A gefen Piramide ɗin tashar Porta San Paolo take, daga nan jirgin Ostia yake tashi, tafiyar rabin awa da ɗoriya. Idan kika sauka a Lido Centro, da ƙafa za ki taka zuwa Pontile, wato gadar nan da ta miƙe cikin ruwa inda mutane suke shan iska da yamma.

Yanzu ga inda matsalar take. Cewa "ba na cin alade" ba ya wadatarwa. Kalmar alade a bakinsu ita ce maiale, amma mai kawo abinci idan ya ji ta, tunaninsa yana tafiya ne kan tsokar nama da aka gasa. Busasshen naman da ake yayyankawa cikin miya bai ɗauke shi nama ba, a wurinsa kayan ɗanɗano ne, kamar yadda mu ba ma kiran daddawa abinci. A watannina na farko na shiga wani gidan abinci na ce senza maiale, wato ban da alade, mutumin ya gyaɗa kai da fara'a ya kawo min taliya da jar miya. Sai da na kai cokali na ga 'yan gutsattsarin kitse a soye. Da na yi magana sai ya ce ai wannan guanciale ne, da zuciya ɗaya yake faɗa. Guanciale kuwa kumatun alade ne da aka sa wa gishiri aka busar. Ranar ban iya cin komai ba har dare. Tun daga lokacin nake kiran abubuwan da sunayensu ɗaya bayan ɗaya: guanciale, pancetta, prosciutto, salsiccia, speck, sai strutto, wanda shi ne narkakken kitsen alade da ake sawa a wasu burodi da cornetto, ɗan burodinsu mai zaƙi na karin kumallo. Ki rubuta su a waya ki nuna. Taliya uku da Roma ta yi suna da su, carbonara da amatriciana da gricia, duk da guanciale ake yin su, babu zancen cirewa. Ta huɗunsu, cacio e pepe, cuku ne na madarar tumaki da masoro kawai, kuma tana da daɗi ƙwarai idan an iya ta.

Giya ta fi alade wuyar ganewa, saboda ba a ganinta a faranti. Kuku zai soya tafarnuwa a man zaitun, ya zuba kayan teku, sannan ya kwarara farar giya kaɗan a kaskon tana tururi. Haka ake yi wa spaghetti alle vongole a gidaje da yawa, wato taliya da 'yan halittun nan masu ɓawo biyu da ke buɗewa idan sun ji wuta. Za su ce miki ai ta ƙone ta tafi. Wannan hukunci na malamai ne, ni dai ba na so a sa min, kuma abin da na koya a kicin shi ne akwai abincin da za a iya cirewa, akwai wanda ba zai yiwu ba. Duk abin da ake dafawa a take bayan kin yi oda, kamar vongole ɗin nan ko gasasshen kifi, idan kika ce senza vino, per favore, wato ban da giya, kuku zai bar kwalbar a ajiye ne kawai, bai yi asarar komai ba. Amma miyar da aka haɗa tun safe a babbar tukunya, irin ragù ta nama, ko romon da ake yin zuppa di pesce, wato farfesun kifi, da shi, ko tushen risotto, dafaffiyar shinkafarsu, giyar ta riga ta shiga tun kafin ki fito daga masauki. Mai kawo abinci zai iya cewa "to" don kada ya ɓata miki, alhali babu abin da za a canja. Don haka ki ce ya shiga ya tambayi kuku. Idan ya tafi ya dawo da amsa, ki yarda da shi. Idan ya amsa nan take ko juyawa bai yi ba, ki zaɓi wani abin.

Ni da za ki bi tawa, daren farko ki nemi telline, su ma masu ɓawo biyu ne irin vongole. Ƙanana ne ƙwarai, ba su wuce farcen babban yatsa ba, ana tono su daga yashin gaɓar nan tamu, kuma mutanen Ostia da Fiumicino suna ji da su. Ana sa su a kan gasasshen burodi ko a juya su da taliya da man zaitun da tafarnuwa da ɗan barkono. Akwai wata 'yar unguwar masunta da ake kira Borghetto dei Pescatori, a bakin mashigar ruwa, ba nisa da tashar Stella Polare, can ne gidansu. Cin su yana son haƙuri, da hannu ake ɗauka ana tsotsa, kuma babu mai kallonki don kowa haka yake yi. Wannan ne abincin da ya fara sa na ji ƙasar nan ta kwanta min a rai.

Bayan taliya sai kifi. Spigola ko orata a gasa, ko a tanda da dankalin turawa, babu abin zargi a ciki in dai an bar giya. Sai dai nan aljihu yake shan kashi. Idan kika ga an rubuta kuɗi kaɗan a gefen kifi, ki duba da kyau ko akwai kalmar all'etto. Ma'anarta kuɗin giram 100 ne, ba na kifin duka ba. Na taɓa kai baƙi biyu wani wuri a bakin ruwa, muka ga Yuro 7 muka yi murna, aka kawo kifi mai giram 800, kuɗinsa shi kaɗai ya tashi Yuro 56. Ba a zalunce mu ba, a rubuce yake, mu ne ba mu san karatun ba. Ki ce a kawo kifin ki gani ɗanye, a auna, a faɗa miki kuɗin kafin a ɗora a wuta. Wannan al'ada ce a nan, ba rowa ba ce, 'yan ƙasar ma haka suke yi. Ki duba idonsa ya zama garau, cikin kunnensa ja. Ki kuma tambaya ko pescato ne, wato kamun teku, ko na kiwo, domin yawancin spigola da orata masu araha na kiwo ne. Alamar tauraro a gefen sunan abinci tana nufin daskararre ne aka narkar. Ba laifi ba ne, amma bai kamata ki biya kuɗin sabo a kansa ba.

Soyayyen kifi, fritto misto ko fritto di paranza, shi ne aikina na shekara biyu, don haka na san sirrinsa. Ƙananan kifi da calamari da jatan lande gari kawai ake barbaɗa musu a jefa a mai. Amma abin da ake tsomawa a kwaɓi, kamar baccalà, wato kifin da aka adana da gishiri, da furen kabewa, wasu kukun da giyar sha'ir suke kwaɓa garin don ya yi garas-garas. Sannan akwai zancen man suya. Idan gidan yana sayar da olive ascolane, zaitun da ake cusa wa niƙaƙƙen nama har da na alade, ki tambaya ko tukunya ɗaya ake soya su da kifi. A gidan da na yi aiki tukwane biyu ne, amma ba ko'ina ba ne haka. Ɗanyen kifi kuwa, crudo, da za ki ga ana ta yabonsa, ki bar shi a wannan zuwan, kina da taro da safe.

Naman sa da rago da kaza ba yankan Musulmi ba ne, kin san inda kike tsayawa a wannan. Pizza kuma ki tsaya kan margherita ko marinara ko mai kayan lambu ko mai kifin tuna. Diavola da capricciosa akwai alade.

Lokaci ma abin lura ne. Ana abincin rana daga wajen 12:30 zuwa 3:00, sai a rufe kicin, ba a sake buɗewa sai wajen 7:30 na yamma. Gidan da kika gani a buɗe ƙarfe biyar da wani a ƙofa yana kiran masu wucewa, ga hotunan abinci a allo, ba don 'yan gari aka buɗe shi ba. Ranar Lahadi da rana mutanen Roma suna kwararowa ta Via del Mare da Via Cristoforo Colombo da iyalansu, in ba ki kira kin kama teburi ba sai dai ki yi ta yawo. Manyan jiragen kamun kifi ba sa fita Asabar da Lahadi, shi ya sa ba na sayen babban kifi ranar Litinin da rana, gidaje da dama ma ranar suke hutu. Kuma kada ganin ruwa ya ja ki. Yawancin gaɓar Ostia wuraren wanka ne masu shinge, wasu suna da abinci mai kyau, wasu kuwa kujerar kallon teku kawai kike biya. Sau da yawa layi ɗaya ko biyu a bayan titin gaɓa abincin ya fi kyau ya fi sauƙi. Idan kin samu yammaci guda, ki haye Fiumicino, garin da filin jirgin yake, ki bi Via della Torre Clementina a gefen mashigar kogin Tiber. Jiragen masunta suna ɗaure a gabanki, gidajen kifi a jere a ɗaya hannun.

Ba dole ba ne ki ci jerin nan nasu duka, antipasto na buɗe baki, da primo wato taliya ko shinkafa, da secondo wato kifi ko nama. Faranti ɗaya na taliya da ɗan ganye ya ishe ki, babu mai harararki. Idan kin ji abincin ya yi miki salam, ki nemi peperoncino ko man barkono, kusan ko'ina akwai. Ni da ɗan yajina nake tafiya a aljihu, amma sai na ɗanɗana tukun, domin sabon kifi ba ya buƙatar a rufe masa baki.

Ƙarshen cin abinci ne mutanenmu suka fi faɗawa, lokacin an saki jiki. A kayan zaƙi, tiramisù wasu suna sa masa giyar Marsala, wasu ba sa sawa, a tambaya. Babà a cikin giya ake jiƙa shi. Panna cotta da wani abu ake daskarar da ita mai suna colla di pesce, sunan yana cewa kifi amma yawanci daga fatar alade ake yin sa. Sorbetto na lemun tsami idan a kofi aka kawo shi ana sha, wani lokaci an haɗa da giya. Sannan mai gida yakan kawo kyautar ɗan ƙaramin kofi mai ruwan ɗorawa mai sanyi, kamar lemo. Limoncello ne, giya ce mai ƙarfi. Karamci ne yake yi miki, sai ki ce grazie, non bevo alcol, ki nemi kofi ko 'ya'yan itace.

Ba za a kawo miki lissafi ba sai kin ce il conto, per favore, don a wurinsu rashin ladabi ne a nuna wa baƙo ƙofa. A shekarar 2006 yankin Lazio, inda Roma da Ostia suke, ya yi dokar da ta hana karɓar kuɗin zama da ake kira coperto, amma za ki ga an sa kuɗin burodi ko na hidima, ki duba ƙasan takardar abinci tun farko. Ruwan sha na kwalba ne kuma da kuɗi, ki ce liscia idan ba kya son mai gas. Tun daga tsakiyar 2022 akwai tara a kan ɗan kasuwar da ya ƙi karɓar kati, don haka katinki zai yi aiki. Tukwici ba dole ba ne, Yuro biyu ko uku a kan teburi sun isa idan an kyautata miki.

Ki faɗa min watan da za ki zo da tashar da ta fi kusa da masaukinki. Maiɗakina ta ce in kin iso lafiya ita za ta raka ki cin telline daren farko, ta tsaya miki wajen tambayar kuku har kunnenki ya saba da sunayen. Allah ya kawo ki lafiya.