Amfanin gemu da alaƙarsa da yadda jiki ke sarrafa abinci

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gemu yana da amfani a halittar namiji, kuma ko cikarsa tana nuna yadda jiki ke sarrafa abinci.

Gemu aikin testosteron ne, wato sinadarin da ke fito da siffofin namiji. Da yaro ya balaga, jiki kan juya wani kaso nasa zuwa wani sinadari mai suna DHT, shi ke sa siririn gashin haɓa ya yi kauri, ya yi duhu. Abin mamaki, wannan DHT ɗin ne dai ke jawo sanƙo.

Tun 1871 masanin halittu Charles Darwin ya ɗauki gemu a matsayin adon jan hankalin mata. A 2020 kuma masu bincike a Jami'ar Utah ta Amurka suka yi gwaji da fatar tumaki, suka ga mai gashi ta fi rage ƙarfin duka, wato gemu yana iya kare muƙamuƙi.

Cikar gemu galibi gado ce, don haka kada ƙarancinsa ya tayar maka da hankali. Sai dai ƙiba mai yawa tana rage testosteron, domin kitse yana juya shi zuwa estrojen, sinadarin da ke fito da siffofin mace. In gashinka ya fara zubewa kwatsam, ga kasala da jin sanyi, don Allah je a duba maka tayirod, wato ƙullin da ke wuya mai daidaita yadda jiki ke sarrafa abinci.