Masu Saye Na Neman Abincin Da Ba A Sa Wa Magani Ba: Amsoshin Tambayoyinku

Wani manomi daga Dambatta ya rubuto cewa matan da ke sayen wakensa a Kano sun fara shinshina shi kafin su biya, suna tambaya ko an sa masa magani. Yana neman maganin da ba ya wari.

Malam, ba wari ne matsalar ba, guba ce. Sniper da ake yayyafa wa wake sinadarin dichlorvos ne, ba a yi shi don a zuba kan abin da za a dafa ba. Saboda shi ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015, amma har yau duk kaka sai an aiko mana da wannan tambaya.

Ka sayi buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi, kuma numfashi yake yi. Idan ka toshe iska, shi da tsutsarsa za su cinye wadda ta rage su mutu. Ka shanya waken har sai ka ciza ka ji ya fashe ƙas, ba ya lotsa ba. Ka sheƙe shi, ka tsince tsakuwa da kara, domin su ne ke huda leda. Kafin ka zuba, ka hura ledar ka matsa ka ji ko tana yoyon iska. Idan ka cika, ka bar wurin ɗauri, ka matse iska, ka murɗa bakin ledar farko, ka lanƙwasa ka ɗaure. Ta biyu ma haka, sannan buhun waje. Kowanne da nasa ɗaurin. Masu haɗa ukun su ɗaure lokaci guda su ne ke dawowa suna cewa buhun ba ya aiki. Ka ɗora shi kan katako, nesa da bango saboda ɓera, kada kuma a riƙa buɗewa ana ɗibar na abinci. Na gida a ware shi daban. Wanda bai samu buhun ba, jarka ko duro mai murfin da ke rufuwa gam zai yi, muddin an cika shi taf.

Wata Hajiya daga Zariya tana kiwon kajin gida, tana tambaya ko allurar rigakafi za ta ɓata musu suna wajen masu saye. A'a, Hajiya. Rigakafin cutar Newcastle mai kashe kaji, irin wanda ake kira I-2 da ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, ɗigo ɗaya ne a ido, ki yi kafin hunturu ya shigo. Abin da masu saye ke gudu shi ne kazar da aka ɗura wa maganin ƙwayoyin cuta jiya aka kai kasuwa yau.

Daga Kura, mai lambun alayyafo da latas yana son daina feshi mai tsada. Ka daka busassun 'ya'yan darbejiya rabin kilo, ka jiƙa a ruwa lita 10 su kwana, ka tace da ƙyalle don kada bakin famfo ya toshe, ka narka ɗan sabulu a ciki. Ka fesa da yamma, har ƙarƙashin ganye, mako-mako. Ba ya kashe ƙwaro nan take, hana shi cin ganye yake yi, saboda haka ka fara tun ɓarnar ba ta yi yawa ba.

Wani kuma ya tambaya ko zai iya zuba kashin kaji ɗanye a lambu tunda taki ne na gargajiya. Kada ka yi: zai ƙone shuka, ya kuma bar ƙwayoyin cuta a kan latas ɗin da ake ci ba dahuwa. Ka tara shi da ciyayi, kana jiƙawa kana juyawa, sai ya huce ya yi baƙi.