Tambaya da Amsa: Me taswirar DNA ta haske take gani a sankarar jini da bakteriya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Dakta. Ni ɗalibar kimiyyar gwaje-gwajen asibiti ce a nan Katsina. An ambata mana wata hanya da ake kira OGM, wai da ita ake gano sauye-sauyen DNA a ciwon daji, har da bambance ire-iren bakteriya. Shin ba ita ce karanta DNA da muka saba ji ba? Kuma tana da wani amfani gare mu a nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba ɗaya ba ne. Ki tuna littattafan malamanmu na da, waɗanda ba a ɗinke su, warƙa-warƙa suke cikin gafaka. Idan warƙar wani littafi ta faɗa cikin wani, ko wace kalma daidai take, amma karatun ya ɓaci. Na'urorin karanta DNA da aka fi amfani da su haruffa suke bi, wajen 150 a kowane guntu, shi ya sa irin wannan ɓarna kan kuɓuce musu. Ita kuwa OGM, wato taswirar DNA ta haske, jerin warƙoƙin take dubawa.

Ga yadda ake yi. A ciro DNA a hankali don kada ya tsittsinke, domin ana son zare mai haruffa 150,000 zuwa sama. Sai a zuba wani sinadari da ke manna ɗigo mai ƙyalli duk inda ya tarar da jerin haruffa shida, CTTAAG. A jikin mutum akan sami ɗigo kamar 15 a kowane haruffa 100,000. Daga nan a tura zaren cikin wasu sirara-siraran hanyoyi da ke miƙar da shi, kyamara ta ɗauki hoto, kwamfuta ta gwada tazarar ɗigogin da ta lafiyayyen mutum. Inda tazara ta ragu, wani yanki ya ɓace. Inda ta juya, yankin ya kife. Idan kuma rabin zare ya dace da kuromosom (ƙunshin DNA a cikin ƙwayar halitta) na 9, sauran rabin ya dace da na 22, to an yi musayar wuri. David Schwartz da abokan aikinsa ne suka fito da asalin dabarar a 1993, a Amurka, a kan yis. Na'urar da ta yi suna a wannan aiki ita ce Saphyr ta kamfanin Bionano.

Wannan musaya ta 9 da 22 ba don kwalliya na kawo ta ba. Ita ce Janet Rowley ta bayyana a 1973, kuma ita ke haddasa sankarar jini da ake kira CML. Gano ta ne ya kai ga maganin imatinib, wanda aka amince da shi a 2001, ya mai da cutar da ke kisa cikin ƴan shekaru abin da mutum zai daɗe yana rayuwa da shi. Haka sankarar Burkitt, wadda ke kumbura muƙamuƙin yara a yankunan zazzaɓin cizon sauro irin namu, galibi musaya ce tsakanin na 8 da na 14. To kin ga, sanin inda yanki ya koma shi ke gaya wa likita irin cutar da maganin da ya dace. Tsohon gwajin duba kuromosom a madubin likita ba ya ganin abin da ya gaza haruffa miliyan 5, kuma sai an raini ƙwayoyin sun rarrabu tukuna. Gwajin FISH kuwa, wanda ke haska wani zaɓaɓɓen yanki na kuromosom, abin da kika tambaye shi kaɗai zai ba ki amsarsa. Taswira tana leƙa kusan ko'ina a gwaji guda. A ganina nan ne darajarta take, musamman ga marar lafiyar da gwaje-gwajen farko suka ce lafiya lau, alhali ɓargonsa yana nuna akasin haka.

Amma ba ta ganin canjin harafi ɗaya. Sikila canjin harafi ɗaya ce, don haka taswirar mai sikila za ta fito ba tare da wata alama ba.

Batun bakteriya gajere ne. A 2011, lokacin da bakteriyar E. coli nau'in O104:H4 ta kashe mutum fiye da 50, akasarinsu a Jamus, aka kuma danganta ta da tsiron hulba, an yi amfani da taswira wajen gwada ta da wata danginta da aka adana tun 2001. Yau karanta DNA ɗin bakteriya baki ɗaya ya yi sauƙi, ya karɓe yawancin wannan aiki. Da za a tambaye ni hanyar bin sawun kwalarar damina a ƙauyukanmu, karantawar zan zaɓa.

Amfaninta gare mu kuwa, kafin a yi zancen kuɗin na'ura, a fara da samfur. Naman da aka jiƙa a fomalin (sinadarin hana ruɓewa), wanda shi ne abin da muka saba, DNA ɗinsa ya riga ya gutsuttsure, ba ya yin wannan gwaji. Ana bukatar sabon jini ko ɓargo a kwalba mai murfin shunayya, wato mai EDTA, sinadarin da ke hana jini yin gudaji, ko kuma a daskarar da shi a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, ba tare da wuta ta ɗauke ya narke ba. Wannan sashe a hannunku yake, ku ma'aikatan ɗakin gwaji. Ki ƙware a ɗibar samfur da adana shi tun yanzu, domin ko wani gari za a aika da shi, sai ya isa da zarensa a ɗore.